Wane jirgi kuka fi son ƙera samfurinsa na rimot, kuma me ya sa?

Kafinta_Wunti:
Assalamu alaikum warahmatullah. Ina da tambaya ga masu ƙera ƙananan jiragen sama na rimot, musamman mutanenmu na Bauchi da Gombe, tunda irin filayenmu ɗaya ne kuma iska ɗaya muke fama da ita. Ba ina magana a kan duk abin da aka ɗaura wa inji da farfela ya tashi ba ne. Ina nufin samfurin da aka kwaikwayi wani jirgi na gaske, aka rage girmansa bisa ma'auni, har wanda ya san jirgin ya gane shi tun daga nesa. Wane jirgi kuka fi so ku ƙera, a wane ma'auni, kuma da wane kaya? Ni dai a wurina babu wanda ya kama ƙafar Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, wajen kyau, kuma shi nake niyyar farawa kafin hunturu ya shigo, a ma'aunin kashi 1 cikin 8, wanda zai ba ni fiffike mai faɗin kusan mita 1.4. Amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka riga ni kafin in sa wuƙa a katako.

Baba_Sajan_Ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam Kafinta. Spitfire kyakkyawan jirgi ne, wannan ba abin gardama ba ne, amma ni a kullum amsata ɗaya ce, wato Piper J-3 Cub. An ƙera shi a Amurka daga 1938 zuwa 1947, kusan guda 20,000, kuma dubban matuƙa a kansa suka koyi tuƙi. Abin da ya sa ya dace da koyo a can shi ne ya sa ya dace da mu a nan. Fiffikensa a sama yake, bisa ɗakin matuƙi, shimfiɗaɗɗe mai yalwa, jikin jirgin yana rataye a ƙarƙashinsa, saboda haka idan iska ta karkata shi yakan nemi komawa daidai da kansa. Faɗin fiffiken na gaske mita 10.7 ne, ka ga idan ka raba gida shida za ka sami kusan mita 1.8, girman da ido ke kamawa sosai a sama kuma yana shiga bayan mota idan an kwance fiffiken. Ga launinsa na asali, rawaya mai haske da baƙin zanen walƙiya a gefe, wanda ko cikin hazo ba ya ɓace wa mutum. Launin ɓad-da-kama na Spitfire kuwa an yi shi ne don kada a gan shi, kuma ina tabbatar maka yana yin wannan aikin a kan samfuri ma.

Ɗalibin_Gubi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma mu matasa Cub ba ya motsa mana zuciya. Ni A-29 Super Tucano nake so, wanda kamfanin Embraer na Brazil ya tsara, kuma Rundunar Sojan Saman Najeriya ta karɓi guda 12 a 2021, suna zaune a Kainji. Faɗin fiffikensa mita 11.14 ne, kusan daidai da na Spitfire, amma hancinsa dogo ne, wanda ke nufin batir zai sami wurin zama a can gaba ba sai an cusa masa dalma ba kafin nauyi ya daidaita. Ƙari kuma ƙafafunsa uku ne da taya a gaba.

Malama_Fizis:
Kafin muhawarar ta koma ta son zuciya kaɗai, bari in sa lissafi a tsakani, domin shi ne yake raba jiragen nan biyu da aka fara da su. Idan ka rage jirgi zuwa kashi 1 cikin 6, tsawonsa ne ya ragu sau 6, amma shimfiɗar fiffikensa ta ragu sau 36, cikinsa kuma sau 216. Cub na gaske da cikakken kaya bai wuce kilo 550 ba. Raba wannan da 216, za ka sami kusan kilo 2.5, kuma wannan nauyi ne da mai ƙira mai kula zai iya cim masa ba tare da wahala ba. Fiffikensa na da shimfiɗar kusan murabba'in mita 16.6, a samfurin kuma zai zama kusan murabba'in desimita 46, wato kowane murabba'in desimita yana ɗauke da giram 54 ko kusa da haka.

Yanzu mu ɗauki Spitfire ɗin Malam Kafinta. Shimfiɗar fiffiken na gaske kusan murabba'in mita 22.5 ce, a ma'aunin 1 cikin 8 za a raba da 64, a sami murabba'in desimita 35. Idan samfurin ya kai kilo 2.5 ɗin nan, wanda abu ne mai sauƙin faruwa da zarar an sa ƙafafu masu naɗewa da fenti da gilashin ɗakin matuƙi, to kowane murabba'in desimita yana ɗauke da giram sama da 70. Ma'anar wannan ita ce dole ya tashi da gudu, ya sauka da gudu, kuma idan ka rage masa mai a kwana, gefen fiffike ɗaya zai daina riƙe iska kafin ɗaya, sai ya kife. Ba ina hana ka ba ne, Malam. Ina cewa ne duk giram ɗin da ka ƙara a wutsiyarsa sai ka biya shi ninki uku ko huɗu a hanci.

Kafinta_Wunti:
Na gode, Malama, wannan lissafin ya shiga. To amma ai na karanta cewa fiffiken Spitfire na gaske an murɗa shi kaɗan ta yadda ƙarshensa ke kallon ƙasa fiye da tushensa, don tushen ya riga ƙarshen sakin iska. Idan na kwaikwayi wannan murɗin, ba zai magance kifewar ba?

Malama_Fizis:
Zai rage ta ƙwarai, kuma masu ƙira sukan sa digiri biyu zuwa uku. Sai dai ƙaramin fiffike ba ya mu'amala da iska kamar babba, domin ita iskar ba a rage girmanta da ma'auni ba. Siririn ƙarshen nan mai siffar ƙwai, wanda shi ne kyan jirgin, a samfuri bai fi tafin hannu ba, kuma shi ne yake fara gajiya.

Alhaji_Jekadafari:
Ina gaishe da Baba Sajan, amma ina da ɗan gyara a kan maganarsa, kada sababbi su ɗauka Cub ba shi da hali. Yana da shi. Tayoyinsa biyu ne a gaba da ƙaramar taya a wutsiya, kuma a lokacin gudun tashi, idan aka danna mai gaba ɗaya lokaci guda, juyin farfela yakan ja hancinsa hagu, kafin ka ankara ya yi kewaye a ƙasa ya goga fiffike. Haka kuma a sama ba ya son a juya shi da marafan gefen fiffike kaɗai, sai an haɗa da linzamin wutsiya, in ba haka ba hancin yakan leƙa wajen kwanar maimakon cikinta. Wanda bai saba amfani da babban yatsansa na hagu a rimot ba zai sha mamaki. Shi ya sa ni zaɓina Cessna 172 ne. Ya fara tashi a 1955, an ƙera sama da 44,000, babu wani jirgi a duniya da ya kai shi yawa, fiffikensa a sama kamar na Cub, amma tayarsa ta uku a gaba take, yana bin layi miƙe a ƙasa.

Baba_Sajan_Ritaya:
Gyaranka ya karɓu, Alhaji, gaskiya ka faɗa game da linzamin wutsiya. Amma ina so ka gaya mana a wane fili kake tayar da Cessna ɗin. Idan kwalta ce ko siminti, na yarda. Mu da muke zuwa filin ƙwallo na ƙasa ko gonar da aka girbe, tayar gaba ita ce take fara faɗawa ramin kofaton shanu, ta lanƙwashe, farfela ya sari ƙasa, wani lokaci har katangar da aka ɗaure inji a kanta ta ɓalle. Cub kuwa ana iya sa masa manyan tayoyi masu taushi, kuma ba a saɓa wa kamanni ba, domin irinsu ake sa wa 'yan'uwansa na gaske a dazuzzukan Alaska.

Alhaji_Jekadafari:
Akwai wani fegi da aka share aka daddaɓe a wajen gari ta hanyar Dukku, mai wurin ya ba mu izini, can muke zuwa da sassafe. Na yarda cewa ba kowa ke da irinsa ba.

Mai_Walda_Bolari:
Tunda an taɓo tayoyi, ga abin da nake yi. Tsohon silifas na roba mai kauri nake samu, in yanka faifai biyu ko uku da bakin bututun ƙarfe da na wasa, in manne su, in soke su a kan ƙusa in ɗaura a bakin injin huda, sannan in riƙa goga musu sanfefa yana juyawa har su zama taya mai kumburin gefe. Ba sa jin ƙaya, tsidau ba ya fasa su, nauyinsu kuma ba komai ba ne. Sandunan da ke tura linzami daga sarbo (ƙaramar na'urar da ke motsa linzami bisa umarnin rimot) kuwa wayar sifok ta keke nake sa wa. Game da tambayar asali, ni Alpha Jet nake mafarki, domin tun ina yaro shi nake gani a hotunan bikin sojan sama. Najeriya ta sayi 24 a farkon shekarun 1980, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus.

Injiniya_Yelwa:
Ɗan'uwa Mai Walda, dabarar tayar nan ta burge ni, amma Alpha Jet a ƙasarmu sai an yi tunani. Samfurin jet mai aiki da batir yana da ƙaramar fanka ne a cikin bututu, tana juyawa dubban sau a minti, kuma bakunan shan iskar Alpha Jet a ƙasa-ƙasa suke a gefen jiki. Duk yashi da tsakuwar da tayar gaba ta watsa, can ciki za su shige su ci haƙoran fankar. Sannan irin wannan fanka ba ta da ƙarfin tura jirgi daga tsaye kamar farfela, tana buƙatar doguwar hanya mai santsi, kuma tana shanye batir cikin minti uku zuwa huɗu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, iska takan yi sako-sako, ga shi Bauchi tana kan tudu kusan mita 600 daga teku, sai ka ga jirgin da ya tashi lafiya a sanyin Disamba yana cinye fili bai ɗaga ba. Idan dai sai jet, L-39 Albatros da ake koyar da matuƙa da shi a Kano ya fi, domin bakunan shan iskarsa a sama suke, bayan ɗakin matuƙi, kuma fiffikensa miƙaƙƙe ne.

Ɗalibin_Gubi:
Yaya Injiniya, wannan ya ƙara nuna cewa Super Tucano ne ya haɗa biyun, ga kamannin yaƙi ga farfela.

Injiniya_Yelwa:
Haka ne, ƙanena, sai dai farfelansa na gaske mai ganye biyar ne, kuma a ƙaramin girma mai ganye biyu ya fi ja da ƙarancin cin batir. Za ka zaɓa tsakanin kamanni da tsawon lokaci a sama, ko kuma ka yi abin da mutane da yawa ke yi, ka ajiye mai biyar don hoto, ka sa mai biyu don tashi.

Abu_Hanifa_Tumfure:
Ni tambayata ga Malam Kafinta ita ce, katakon da ka ce za ka sa wa wuƙa, wane ne? Balsa dai, katakon nan mara nauyi da aka saba ƙera samfura da shi, ba ya fitowa a nan, galibinsa daga Ekwado ake kai shi duniya, kuma kafin ya iso hannunmu kuɗin jigila ya ninka kuɗinsa. Na taɓa yin odar fallayensa daga wani mai sayarwa a intanet, suka iso rabinsu a karkace saboda yadda aka naɗe su, kuma bai amsa saƙona ba har yau. Tun daga nan na koma farin kumfan nan da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin. Ina yanka shi da zazzafar waya da na ciro daga tsohon risho na lantarki, in ja ta a kan katako mai siffar baka, in haɗa da batirin mota. Bayan na goge, sai in lulluɓe shi da takardar ruwan ƙasa da na jiƙa da Top Bond da aka sirka da ruwa. Idan ta bushe takan ɗame ta yi tauri, ta karɓi fentin ruwa. Kada dai a kusanto da fentin feshi na gwangwani ko sufa gulu kai tsaye, domin narkar da kumfan suke yi.

Kafinta_Wunti:
Obeche nake da shi, Malam Abu Hanifa, irin farin katakon nan mara nauyi da ake kawowa daga kudu. Bai kai balsa rashin nauyi ba, nauyinsa ya kusa ninka na balsa biyu ko fiye, amma ina iya fere shi siriri a injin shagona har haske ya riƙa ratsa shi. Kuma ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, masu ƙira a Ingila sun daɗe suna lulluɓe fiffiken kumfa da fallen obeche, alhali daga dazuzzukan Afirka ta Yamma yake zuwa musu. Don cike wurare masu lanƙwasa kamar ƙarshen fiffike da ƙasan hanci, cikin gwangwala nake so in gwada, wanda yake da taushi kuma wuƙa na cinsa yadda ake so.

Hajiya_Fadamar_Mada:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Banda Super Tucano da Alpha Jet da L-39 da yaran nan suka ambata, duk jiragen da ake yabo na yaƙin wasu ne da tarihin wasu. Ni da maigidana muna aikin Fokker F27 ne da launin Nigeria Airways, fari da kore, har da tambarin giwa mai fiffike. Shi ne jirgin da iyayenmu da yawa suka fara shiga a zirga-zirgar cikin gida, kafin a rufe kamfanin a 2003. Faɗin fiffikensa mita 29 ne, mun ɗauki 1 cikin 16, ya ba mu kusan mita 1.8. Fiffiken a sama yake, injuna biyu suna rataye nesa da ƙasa, saboda haka farfela ba ya cin yashi. Ranar da muka fito da jikin don gwada fenti a tsakar gida, wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga ba mu labarin tafiyarsa ta farko zuwa Legas. Ban ga Spitfire zai sa wani a unguwarmu ya yi haka ba.

Baba_Sajan_Ritaya:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin tuna mini abin da ya kamata in fara faɗa. Akwai jirgin da aka harhaɗa a ƙasar nan, a Kaduna, wato Air Beetle, wanda aka samo daga tsarin Van's RV-6A na Amurka, aka yi kusan guda 60 don koyar da matuƙan sojan sama. Na yi aiki kusa da shi, na san shi ciki da waje. Ga mai ƙira kuwa kyauta ce: fiffikensa faɗi ɗaya ne daga tushe zuwa ƙarshe, haƙarƙarinsa, wato yankakkun fallayen da ke ba fiffike siffarsa daga ciki, duk girma ɗaya, ka yanka guda ka kwafi sauran. Ƙafafunsa ba sa naɗewa, ka huta da nauyi da kuɗin na'urar naɗewa. Faɗinsa kusan mita 7 ne kawai, saboda haka a ma'aunin 1 cikin 5 za ka sami mita 1.4 ɗin nan da Malam Kafinta ke so, amma da fiffike mai yalwa da jiki mai faɗin da hannu zai shiga ya canza batir. Matsalarsa ɗaya ce, ita ce tayar gaba da na yi wa Alhaji ƙorafi a kanta.

Mai_Tarihi_Azare:
Idan tarihinmu ake nema, to a koma tushe. A Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar de Havilland DH.9A na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan ta Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, kuma da wannan tafiya ake fara lissafin tarihin jirgin sama a Najeriya. Mai fiffike biyu ne, sama da ƙasa, faɗinsa kusan mita 14, wanda a 1 cikin 8 zai ba da mita 1.75. Ban ƙera shi ba tukuna, zane nake tarawa. Na san aiki ne mai cin rai, domin sandunan da ke tsakanin fukafukan da wayoyin da ke ɗaure su dole su zauna daidai, kuma duk suna jan iska, ma'ana da zarar an kashe inji ba ya yin nisa. Amma yana tafiya a hankali, kuma wannan shi ne abin da ke sa samfuri ya yi kama da na gaske a sama.

Malama_Fizis:
Wannan batu na Malam Mai Tarihi yana da muhimmanci kuma ba a cika kula da shi ba. Cub na gaske yana tafiyar kusan kilomita 120 a awa. Idan ana so ido ya yarda da samfurin 1 cikin 6, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 20 a awa, domin ya riƙa shafe tsawon jikinsa a daidai lokacin da babban ke shafe nasa. Kusan babu samfurin da ke iya wannan jinkirin, amma mara nauyi yana kusantarsa. A nan kuma jiragen yaƙi suna da ɗan rinjaye, Malam Kafinta, tunda su dama masu gudu ne, saurin samfurinsu ba ya zama abin dariya. A gasar duniya ta ajin F4C ma, wato ajin samfuran ma'auni na rimot, ana ba da maki ne kashi biyu, na kamanni a ƙasa bisa hotuna da zanen jirgin asali, da na yadda tafiyarsa a sama ta yi kama da ta gaske.

Lauya_Pantami:
Ku gafarce ni in ɗan kauce, amma wajibi ne. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tayar da jirgi mara matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A yankinmu na Arewa maso Gabas ba sai an yi wa kowa bayanin dalili ba. Bauchi na da filin jirgi a Durum kuma nan ne hedikwatar Rundunar Ayyuka na Musamman ta sojan sama, Gombe na da nata filin a Lawanti. A nisanci waɗannan wurare da barikoki gaba ɗaya, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin a fita, a nemi bayanin rajista daga hukuma. Wannan ya shafi zaɓin jirgi kai tsaye: samfuri mai launin soja da tambarin runduna da bama-baman roba a ƙarƙashin fiffike yana jawo tambayoyin da rawayan Cub ba zai jawo ba.

Ɗalibin_Gubi:
Na ji, Barista. Zan bar makaman, in yi masa fentin baje koli mai haske.

Masunci_Dadin_Kowa:
Duk rigimar taya da yashi da ramin kofato, ni ban san ta ba, domin jirgina a ruwa yake sauka. De Havilland Beaver na Kanada nake so, wanda ya fara tashi a 1947, mai ƙafafun kwalekwale biyu. Da asuba kafin iska ta taso ruwan yakan kwanta lumui, babu filin da ya kai shi santsi. Sai dai a yi nesa da jikin madatsar ruwan Dadin Kowa, a nemi izinin masu kula da wurin, a rufe na'urar karɓar saƙo da ta sarrafa inji cikin balan-balan ko leda, kuma a shirya da mai kwalekwale tun kafin a tashi. Hancin Beaver gajere ne saboda injinsa mai da'ira, shi ya sa batir sai an tura shi har ya taɓa katangar inji.

Abu_Hanifa_Tumfure:
Maganar batir ta tuna mini. Duk jirgin da mutum ya zaɓa, batirin LiPo, irin na litiyam da ake sa wa waɗannan samfura, ba ya son zafinmu. Kada a bar shi cikin mota a rana, kada kowane ɗaki (sel) nasa ya wuce bolt 4.2 wajen caji, idan kuma za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen 3.8. Ni cikin tukunyar ƙasa nake cajinsa, da yashi a gindinta, a tsakar gida nesa da labule da katifa. Cajar iMAX B6 tana karɓar wuta daga batirin mota ko na sola, saboda haka rashin wutar lantarki ba hujja ba ce. Wanda ya kumbura kuma ya gama aiki.

Mai_Walda_Bolari:
Akwai wanda shirwa ta taɓa bi? Nawa ƙaramin farin jirgi na gwaji, duk lokacin da ya hau sama sai biyu ko uku sun zagaye shi, ɗaya har ta kai masa farce a bayan fiffike ta yage takardar.

Baba_Sajan_Ritaya:
Suna yi, musamman ga ƙanana masu tafiya shiru. Idan ka ga ta hau samansa tana shirin sauko masa, ka ƙara mai ka hau sama, kada ka nutsa, domin a nutsawa ta fi ka. Wannan ma wani dalili ne na ƙera mai girma.

Alhaji_Jekadafari:
Mu dawo kan Malam Kafinta, kada mu bar shi da wuƙa a hannu. Idan zuciyarka ta kafe a kan jirgin Yaƙin Duniya na Biyu, me zai hana P-51 Mustang? Faɗinsa kusan ɗaya da Spitfire, amma ƙafafunsa suna nesa da juna kuma ciki suke naɗewa, yayin da na Spitfire suke matse a tsakiya suna naɗewa waje, abin da ya sa ko na gaske ya wahalar da matuƙa a ƙasa. Fiffiken Mustang layuka ne miƙaƙƙu, ana iya yanka shi da zazzafar wayar Malam Abu Hanifa a zama ɗaya. Na Spitfire kowane haƙarƙari da girmansa.

Kafinta_Wunti:
Alhaji, wannan wahalar ta haƙarƙari ita ce take ja na, aikin hannuna ke nan. Na saurari kowa, kuma ga inda na tsaya a yanzu. Spitfire ɗin zan yi, amma ba tare da ƙafafu ba, a jefa shi da hannu ya sauka a kan cikinsa a ciyawa, tunda a sama dama ƙafafunsa a naɗe suke. Wannan zai rage nauyi sosai, ina fatan in tsaya ƙasa da kilo 1.8. Zan sa murɗin fiffike kamar yadda Malama ta ce, in ɗan ƙara girman wutsiya, in kuma yi masa zanen baƙi da fari na mamayar Normandi ta 1944 a fukafukai don ido ya riƙa kama shi, saboda maganar Baba.

Injiniya_Yelwa:
To a nan nake da ja. Idan ka cire ƙafafu, ka ƙara wutsiya, wataƙila ka ƙara kaurin fiffike, shin sunansa samfurin ma'auni har yanzu, ko kuwa jirgi ne mai kama da Spitfire? Kai da kanka ka kafa sharaɗin a farko.

Hajiya_Fadamar_Mada:
Sharaɗin da ya kafa shi ne wanda ya san jirgin ya gane shi daga nesa, Injiniya, kuma ƙarin kashi goma cikin ɗari a wutsiya ba mai ganinsa daga ƙasa. Mu ma F27 ɗinmu sai da muka ƙara wa fiffiken faɗi daga gaba zuwa baya, domin na ainihi siriri ne ƙwarai. Abin da ya fi damunmu yanzu shi ne injuna biyun, idan ɗaya ya tsaya a sama ɗayan zai murɗa jirgin. Mun yanke shawarar su sha daga batir ɗaya, kuma farfelolin su riƙa juyawa saɓanin juna.

Injiniya_Yelwa:
Batir ɗaya daidai ne, Hajiya, amma ku kashe tsarin da ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa a na'urorin sarrafa injin biyu, ko ku mai da shi mai ragewa a hankali, domin ba sa yankewa lokaci guda. Ku dogara da agogon rimot. A kan batun ma'auni kuwa ban sauka daga ra'ayina ba, wanda zai shiga gasa da hotuna a hannu ba zai taɓa wutsiya ba.

Ɗalibin_Gubi:
Baba Sajan, maganar Air Beetle ta shiga raina, kuma ina ganin ya fi dacewa da aljihun ɗalibi kafin Super Tucano. Zanen RV-6A mai fuska uku yana samuwa a intanet, amma hotunan namu na Kaduna kaɗan na gani, kuma duk daga gefe ɗaya aka ɗauke su. Ko Baba zai iya tuna yadda launin saman fiffiken yake da inda lambobin suke zaune?

Baba_Sajan_Ritaya:
Ina da tsofaffin hotuna a akwati, ɗana, zan sa jikana ya ɗauke su da waya ya turo nan. Kafin nan ka fara da fiffiken, tunda shi bai dogara da launi ba. Ka yi wurin daidaiton nauyi a kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa daga gaba don tashin farko, kuma ƙafar gaba ka yi ta da wayar ƙarfe mai tsalle ta milimita 4, ka naɗe ta zagaye biyu a sama kafin ta shiga jiki.